Kunun Zaƙi Mara Nauyi da Tsiron Shinkafa: Tambayoyi da Amsoshi

Na yi shekara 11 ina koyar da girki a wata makarantar 'yan mata a nan Birnin Kebbi, amma kunun zaƙi a tsakar gidanmu na Argungu na koye shi, wurin Innata, wadda ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, kuma ban taɓa ganin kununta ya ɓaci ba. Tun da na ajiye alli na koma yin kunun biki da na suna, tambayoyi kusan iri ɗaya ake ta jefo mini har na gaji da maimaitawa, shi ne na tattara su nan. Kunun da nake nufi shi ne tsinkakke, fari-fari, wanda za ki sha kofi biyu da la'asar a watan Afrilu ki tashi ba ki ji kamar kin ci tuwo ba. Maza ku yi haƙuri, da mata na saba magana, amma aikin ɗaya ne.

Me ya sa kununa ke yin kauri kamar koko, in na ƙara ruwa kuma ya yi salam?

Kaurin nan sitacin gero ne da ya dahu ya kumbura. In kika ƙara ruwa, sitacin na nan yadda yake, ɗanɗanon ne ya gudu, sai ki bi shi da sukari har ya koma ruwan sukari mai gari-gari. Masu sayarwa da yawa haka suke yi, shi ya sa za ki sayi kunu a tasha ki ga gari ya kwanta a gindin gora, ruwa ya taso sama. Abin da ke tsinka kunu tun daga cikinsa shi ne tsiro.

To, me tsiron yake yi?

Ƙwayar hatsi ɗan ƙaramin rumbu ce. In ta sha ruwa ta fara fid da saiwa, sai ta samar da wani sinadari da ake kira amilas, wanda ke yayyanka sitaci ya mai da shi sukari don shukar ta samu abin ci kafin ta yi ganye. Mu kuma sai mu tare ta a hanya, mu shanya ta kafin ta cinye guzurin, sinadarin ya zauna a ciki yana jiranmu. Ranar da kika zuba tsiro a dafaffen ƙullu, aikin da zai yi wa ƙwayarsa shi zai yi wa geronki.

Da idonki za ki gani. Ƙullun da muciya ke tsayawa a cikinsa, kafin rabin awa ya saki, ya fara bin ludayi kamar madara. Ki ɗanɗana bayan awa biyu, za ki ji zaƙin da ba ke kika zuba ba. A wurina, wannan zaƙin ake nufi in an ce kunun zaƙi.

Yaya zan yi tsiron shinkafa a gida?

Ki nemi shanshera, wato shinkafa da ɓawonta yadda ta fito daga gona. A Kebbi wannan ba abin wahala ba ne. Daga fadamar Argungu zuwa Suru da Bunza da Jega har Yauri shinkafa ake nomawa, kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 noman rani ya ƙara ƙarfi. FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, tana tsira da kyau. Jar shinkafarmu ta gargajiya ma tana yi, sai dai in sabon yanka ce takan yi barci, ta ƙi tsira sai ta daɗe a rumbu. Don haka kafin ki jiƙa mudu guda ki gwada: ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana 4 ki ƙirga. In waɗanda suka tsira ba su kai 16 ba, ki nemi wata.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa: kada ki yi tsiro da irin shuka da aka sa wa magani. Sau da yawa za ki gan shi da wani launi a jiki wanda ba na shinkafa ba. Guba ce, kuma wanki ba ya fid da ita. Ki tambayi mai sayarwa kai tsaye, ki kuma tambaye shi ko an sa maganin ƙwari a buhun.

Ki rege ta, ki zubar da duk wadda ta taso saman ruwa, don wofi ce. Ki jiƙa kwana ɗaya da yini, kina canza ruwa safe da yamma. In kika bar ruwan ya yi wari, ƙwayar ta shaƙe ke nan. Ki tsane, ki baza a kan wankakken buhun algarara, tudunta kada ya wuce yatsu biyu a kwance, ki rufe da wani jiƙaƙƙen buhun, a inuwa. Inna bayan randa take ajiye nata, don nan ne ya fi ko'ina sanyi a gidan. Safe da yamma ki yayyafa ruwa, ki sa hannu ki juya don kada saiwoyin su sarƙe. Ɗan ɗumin da za ki ji a tafinki alama ce tana aiki. In zafi kika ji sosai, kin tara ta da yawa, ki ƙara bazawa.

A bazara kwana 4 zuwa 5 ya isa, a hunturu takan kai 6 ko fiye. Ni dai ba kwana nake ƙirgawa ba, ƙwayar nake dubawa: saiwa fara tas kamar zare, kan tsiron ya kai tsawon ƙwayar ko ya ɗara kaɗan, ƙamshi kamar na ɗanyar ciyawa, in kin ɓare kin tauna ta murmushe da ɗan zaƙi. In kika bari kan ya yi kore, ta ci abin da kike nema.

Daga nan sai shanya. A rana, a baje siriri kan tabarma, kwana 2 ko 3, har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori. Ban da kasko, ban da bakin murhu. In ta bushe ki murza tsakanin tafukanki, ki bakace saiwoyin, ki zuba a abu mai murfi. Takan yi watanni in danshi bai same ta ba. Wadda kika ga baƙi-baƙi ko kore-kore na fumfuna a jikinta, ki zubar gaba ɗaya, kada ki tsaya tsince mai kyau.

Shinkafar buhu da muke dafawa fa, ko gumi?

Ba za ta tsira ba. Wadda aka guma an riga an dafa ta da ɓawonta, wadda injin casa ya goge kuma an cire mata idon da saiwa ke fitowa. Ko wata guda kika jiƙa, ruɓewa za ta yi.

Ba za a iya yi da dawa ko gero ba?

Ana yi, kuma suna tsira da sauri fiye da shinkafa, kwana 3 ma ya isa. Na fi son na shinkafa don ba ya canza launin kunu, ba ya kuma kawo bauri. In dawa za ki yi, ki ɗauki fara, jar dawa na rina kunu.

Sannan ki kula da wannan. Kowane makiyayi ya san gyauron dawa na kashe dabba. Gubar da ke cikin ɗanyen gyauro tana cikin saiwa da kan tsiron dawa ma. Saboda haka shanyawa sosai da murje saiwa da kan tsiro a bakace su dole ne a dawa, kuma ba a ba yaro ɗanyen tsiron dawa ya tauna.

Ba ni awon da kike yi da shi.

Gero mudu 1, tsiron shinkafa gwangwanin madara 2, busasshiyar citta kamar yatsu 4, kanumfari ƙwaya 10, masoro ɗan kaɗan. Kimba da barkono ba na sawa a irin wannan kunun, suna danne shi. Wannan awon na ba ni lita 8 zuwa 9.

In kina son ya fito fari, ki surfa geron ki wanke. Ki jiƙa daga dare zuwa safe, ki sake wankewa, ki kai markaɗe da kayan ƙamshin. Tsiron ki jiƙa shi awa biyu, a markaɗa shi daban. Ki tsaya a kan mai inji ya wanke injinsa a gabanki. Na taɓa aika yarinya da ƙullun kunun suna, ashe attaruhu da albasa aka gama markaɗawa, kunun lita 40 ya fito yana ƙamshin miya. Ranar zoɓo aka sha.

Ki raba ƙullun geron kashi huɗu. Kashi uku ki sheƙa musu tafasasshen ruwa kina juyawa da muciya har su dahu, su yi kauri da sheƙi. Kashi ɗayan ki haɗa da tsiron ki ajiye. In dafaffen ya huce daidai, ki juye haɗin a ciki, ki juya sosai, ki rufe, ki lulluɓe robar da bargo. Bayan awa 6 zuwa 8 ki tace da ƙyalle mai laushi, ki ƙara dafaffen ruwa da ya huce har ya kai tsinkewar da kike so. Sai ki ɗanɗana kafin ki taɓa gwangwanin sukari. Sau da yawa rabin abin da kika saba sawa ya ishe ki.

"Ya huce daidai" ɗin nan, yaya zan gane?

Nan ne mafi yawan kunu ke mutuwa, bari in tsaya a kai. Sitacin gero da na dawa ba ya dahuwa sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya wuce, shi ya sa muke sheƙa tafasasshen ruwa. Shi kuma amilas ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 70, in zafi ya doshi 80 ya lalace, kuma ba ya dawowa. Ga matsalar ke nan: zafin da ke dafa gero shi ke kashe tsiro. Kakanninmu sun warware ta ba tare da sun san sunan ko ɗaya ba, ta hanyar dafa wani kashi, a jira, sannan a haɗa.

Ina 'yar shekara 13 Inna ta bar mini damun kunun buɗe-baki. Ina sauri in tafi wasa, na juye tsiron a ƙullu yana tururi. Da la'asar aka buɗe, muciya na tsaye a ciki kamar an kafa ta. Inna ta laƙato da yatsa, ta kai baki, ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata, kin kashe shi. Tsiro rai garai, ba a zuba mai zahi." Daga baya na yi ta koya wa ɗalibai cewa sinadari ne da zafi ke lalatawa, amma na lura maganar Inna ce ke zama a kansu.

In kina da ma'aunin zafi na girki, ki haɗa lokacin da dafaffen ya sauko wajen digiri 70, don ɗanyen haɗin mai sanyi zai ƙara sauke shi. In babu, ki juya sosai, ki dafa tafinki a jikin robar: in kin iya ƙirga biyar kafin ki janye, ya yi. Kada ki tsoma yatsa, ƙullu mai zafi na liƙewa a fata. In kuma kika bari ya yi ɗumi-ɗumi kawai, tsiron zai yi aiki a hankali, tsami ya riga zaƙi isowa. Masu son kunu mai tsami da gangan suke yin haka.

Ba ni da tsiro, dankali zai yi?

Zai yi. Ɗanyen dankalin Hausa na da irin wannan sinadarin, shi ya sa mata da yawa ke markaɗa shi, ɗanye ko busasshe, a cikin kashin da ba a dafa ba. Yana kawo zaƙi, amma bai kai tsiro tsinka kunu ba. Wasu kuma bagayi suke sawa. In kin dafa dankalin, kin yi asarar kuɗinki.

Wani ya ce mini haka ake yin giya. Gaskiya ne?

Farkon hanyar ɗaya ne, ba zan ɓoye miki ba. Mai burkutu da tsiron dawa yake farawa. A Ingila da Amurka da Beljiyam kuma da tsiron sha'ir suke yi. Akwai wata giyarsu mai haske, mara nauyi, da suke kira blonde ale: tsiron sha'ir da aka busar da ɗan zafi kaɗan don kada ya yi duhu, a jiƙa shi a ruwa mai digiri 65 zuwa 67 na kamar awa guda. Kin ga zafin nan da muke nema da tafin hannu, shi suke nema da ma'auni. Ruwan da suke tacewa a wannan matakin zaƙi ne zalla, babu maye a cikinsa. Lemon malt na kwalba da muke ba masu jego ma daga irin wannan ruwan yake. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kan dawarmu ta Arewa kamfanonin giya da na lemon malt suka koma.

Daga nan hanya ke rabuwa. Su masu giya sai su tafasa ruwan da furen wata shuka mai ɗaci da ake kira hops, su sanyaya shi zuwa wajen digiri 20, su zuba yis da gangan, su rufe mako ɗaya ko biyu. Yis ɗin ne ke cin sukarin ya mai da shi barasa da iska, har ta kai kashi 4 zuwa 5 cikin 100. Mu ba ma zuba yis, ba ma jiran mako. Abin da ke aiki a kunu cikin awannin nan na farko, galibi ƙwayoyin bakteriya ne irin waɗanda ke mai da madara kindirmo, su ke kawo ɗan tsamin nan mai daɗi.

Sai dai yis na ko'ina, a iska, a jikin hatsi, a robar da ba a wanke da kyau ba. In kika ba shi sukari da ɗumi da lokaci, zai yi aikinsa ko ba ki gayyace shi ba. A Sahihu Muslim, Ibn Abbas ya ruwaito cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi a ruwa, ya sha ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage ya sa a shayar ko a zubar. Hukunci na malamai ne, ni mai dama kunu ce. Abin da zan iya faɗa miki daga aikina shi ne, a zafin Kebbi na Maris zuwa Mayu, da rana ke wuce digiri 40, kunun da ba ya cikin sanyi ba ya kai rana ta uku. Ranar da aka tace a shanye shi.

Yaya zan gane ya wuce gona da iri?

Kumfa na tasowa da kanta ba a girgiza ba, gorar ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki, wari mai hawa hanci, zaƙin kuma ya ragu. Ko ɗaya kika gani, ki zubar.

'Yar yayata ta taɓa karɓar aikin kunun biki a Jega. Don ta huta, ta dama tun ranar Alhamis, ta zuba sukari, ta ɗura a goruna ta ɗaure tam, ga shi wuta ba ta tsaya ba. Ranar Asabar aka loda su a bayan mota da tsakar rana. Gorar farko da aka buɗe, murfin ya yi sama, kumfa ta wanke mayafin uwar ango. Gora 60 muka tuttular a bayan gida, tana kuka tana cewa, "Gwaggo, wallahi jiya lafiya lau yake."

Wuta ba ta zama a unguwarmu. Yaya zan ajiye?

Kada ki sa sukari sai za a sha, don shi ne abincin yis. Ki sanyaya da wuri, da ƙanƙara a kula in babu firji. A firji mai sanyi sosai yakan yi kwana 2 zuwa 3. In dole ne ya kwana ba sanyi, ki ɗora tataccen a wuta kina juyawa har ya kusa tafasa, ki ɗura da zafinsa a wankakken abu mai murfi. Zai ƙara kauri kaɗan, don ɗanyen sitacin da ya rage zai dahu, kuma ɗanɗanon ba zai kai na sabo ba, amma zai kai ki gobe.

Gorunan da ake tsintowa a wuraren biki ba na amfani da su sai an wanke da sabulu da ruwan zafi, ciki da murfi. Da damina, lokacin amai da gudawa, ruwan da za ki ƙara bayan tata ma ki tafasa shi.

A azumi yaushe ya kamata in haɗa?

Bayan sallar asuba ki kai markaɗe, ki haɗa da hantsi, ki tace bayan azahar, ya samu awa uku yana sanyi kafin magariba. In azumi ya faɗo a bazara, awa 5 ma ta isa. A hunturu ki ƙara bargo ki ƙara haƙuri.

Mai ciwon sukari zai iya shan wanda ba a sa wa sukari ba?

Nan mutane ke ruɗuwa. Ba a zuba sukari ba, amma tsiro ya riga ya ƙera nasa daga sitaci, kuma yana shiga jini da sauri. Mai wannan lalurar ya ɗauke shi kamar kowane abin sha mai zaƙi, ya tambayi likitansa adadin da zai iya sha.

Yara ƙanana fa?

Ga yaron da ya wuce wata 6 ya fara cin abinci, akwai dabara mai amfani. Maimakon ki tsinka masa koko da ruwa ya cika ciki da abin da ba ƙarfi, ki dama da kauri, ki sauke, ya ɗan huce, ki barbaɗa tankaɗaɗɗen garin tsiron shinkafa ƙaramin cokali ɗaya ki juya. Zai tsinke cikin mintuna, abincin kuma na nan bai ragu ba. Ki sake tafasa shi kafin ki ba shi. Ban da kayan yaji.

Dusar da ta rage a ƙyalle zubarwa ake yi?

Haba, ina! Ki zuba mata ruwa kaɗan ki sake matsewa, wannan tata ta biyu ki haɗa da ta farko. Abin da ya rage ki ba tumaki ranar, kafin ya yi tsami, ko ki shanya ki haɗa da dusar gero da ɗan gishiri. Ragon layyarmu na bara da ita na yi masa kiwon wata uku, har in ya ji ƙarar muciya a roba sai ya fara jan igiya.